Shawarwarin magina kan gidan da zai jure zafi, hunturu da guguwa

Da magina suka tattauna wannan batu, a rufi aka fi daɗewa ana magana. Kwano ba silin tanda ne a watan Afrilu, don haka a ɗaga rufin, a sa silin, a bar kafar iska tsakaninsu. Iskar farkon damina, wadda ta fi tasowa daga gabas, ita ke yaye kwano. Ƙusa kaɗai ba ta isa, sai an ɗaure katakon da rodi a jikin gini.

Dattawa sun tsaya wa ginin ƙasa: katanga mai kauri tana tare zafin rana, da hunturu kuma ta riƙe ɗumi. Gaskiyarsu, amma fa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Manyan tagogi kada su kalli yamma. Mai fili a kwari ya ɗaga daɓensa sama da titi.