Dan Allah a taimaka, kaskon baƙin mai na Marsandi ta ya fashe, ina so in canza shi a gida

Mai 240D: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motar Marsandi ce W123, 240D mai dizal, ƙirar 1982, ta marigayi mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, shekara shida tana ajiye ƙarƙashin rumfa kafin na tashe ta, yayyena duk sun ce a sayar a raba kuɗin ni na ƙi, har yanzu babban yayanmu bai gama sakin jiki da ni ba kan maganar, shi ya sa ba na so ya ji an ce motar ta samu matsala. Kujerunta ma da hannuna na wanke su, a aljihun gaba na tarar da tabaran Baba har yau yana nan ban taɓa shi ba. To shekaran jiya da dare na taka dutse, na ji ƙum a ƙasa, da na iso gida na haska sai ga mai yana ɗiga, kaskon ya lotsa kuma ya tsage kusa da notin da ake juye mai. Na goga sabulu na liƙa gam, bai tsaya ba. Na samo wani kaskon na hannu. Ina so in canza da kaina saboda ba na son kowa ya taɓa motar nan. Ta ina zan fara? Wlh ko barci ban yi ba.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Yaro ka ajiye sifana. Shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin Marsandi, aikin nan sai an kwance mawuntin an ɗaga inji, ƙarfen da ya gitta a ƙasa ba zai bar kaskon ya fito ba. Ba aikin tsakar gida ba ne.

Mai Dizal 300: Baba a yi haƙuri, kaskon injin nan hawa biyu ne. Akwai babba na alminiyon a sama, akwai ƙarami na ƙarfe a ƙasa wanda notin juye mai yake jikinsa. Tunda ya ce ya LOTSA, ƙaramin ne, alminiyon ba ya lotsawa sai dai ya fashe. Ƙaramin kuwa da alanki lamba 5 ake kwance shi, inji na zaune a wurinsa. Malam wanne ne ya tsage a naka? Kuma da ka ci gaba da tafiya allurar da ke nuna ƙarfin hawan mai a gaban direba ta sauka daga 3?

Mai 240D: Ban duba allura ba gaskiya, dare ne kuma hankalina ya tashi. Amma tafiyar ba nisa, kuma ban taka ta da ƙarfi ba.

Tsohon Bakanike: Ka ji ko. Bai duba ba. Rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta tana nan dab da gindin kaskon, in ya lotsa sama ya toshe mata baki mai ba zai hau ba, metal, wato boris ɗin cikin inji, ya ci wuta. Ni na ce a sauke inji a duba metal gaba ɗaya, in ba haka ba wata biyu za ka dawo nan kana cewa ta yi nokin, wato inji ya lalace.

Hajiya Mai Bitil: Ƙanena ni dai na fahimce ka da ka ce ba ka son a taɓa. Tawa na kai a canza min gasket kawai, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo a mahaɗa, yaron shagon ya ɗaure noti har ya karye a ciki, bai faɗa ba ya cika wurin da gam ya ba ni mota. Sati uku ina ganin ɗigo a inda nake fakin, mai gidan yana cewa tsufa ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ko haƙuri ba su ba ni ba.

Direban Dare: Hajiya ai gara ke. Ni filtar mai suka ce sun canza, ashe goge tsohuwar suka yi. Malam kai dai ka kai mai walda ya ɗinke tsagar a jikin motar, minti goma an gama.

Mai Dizal 300: A'a, kar a sa wuta a kaskon da ke da mai a jikin mota, tururin da ke ciki zai iya kamawa. In walda ce sai an cire an wanke tas. Tunda kana da wani, ka juye man tukuna, wajen lita shida da rabi ne, ka tace shi a farin ƙyalle ka duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli. Ka kwance notocin, ka bubbuga da gudumar roba, kar ka cusa sukundireba tsakani ka ƙwarzane alminiyon. Ka duba rariyar. Na hannun da ka samo ka kifa shi kan gilashi ka ga ko bakinsa ya miƙe. Sabon gasket, sabuwar washa ta jan ƙarfe a notin juye mai, ɗauri a gicciye kaɗan kaɗan, 10 Nm a sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya isa, notocin ƙanana ne. Me za ka ɗora motar a kai?

Mai 240D: Ina da jak ɗin motar na asali, sai in tokare da bulo biyu. Gasket kuma na cikin kaskon da na samo bai yage ba, na ga kamar zai yi in na ƙara gam.

Tsohon Bakanike: Bulo?? Inna lillahi. Motar nan ta kusa tan ɗaya da rabi, bulo murƙushewa yake ba ya sallama. Na taɓa jawo mutum daga ƙarƙashin mota da hannuna, ba zan so in sake gani ba. Kuma gam in ya yi yawa shi yake tsinkewa ya faɗa ciki ya toshe rariyar da muke magana. Ka kawo ta gareji kawai.

Mai 240D: Baba na gode amma haka na canza birki a kan bulon nan ba abin da ya faru, kuma ba zan daɗe a ƙasa ba. Sauke inji kuma ba zan iya ba yanzu, in yaya ya ga motar ba inji shi ke nan maganar sayarwa ta dawo.

Hajiya Mai Bitil: Birki a gefe kake zaune ƙanena, wannan ƙirjinka ne a ƙasa. Ka aro tokaran ƙarfe dan Allah.

Mai Dizal 300: Har yanzu ba ka faɗa mana na sama ne ko na ƙasa ba. Turo hoto.

Mai 240D: Zan ɗauka in gari ya waye. Amma yanzu na sake leƙawa da fitilar waya, kamar akwai danshi a sama da gasket ɗin ma, ko feshin mai ne ban sani ba. In na saman ma ya tsage gam mai haɗi biyu zai riƙe shi na ɗan lokaci?

Tsohon Bakanike: Ai tun farko na faɗa.

Direban Dare: Wai wane irin baƙin mai kuke sa wa naku ne, 15W-40 ko 20W-50? Tawa tana sha sosai kwanan nan.