Golf 3 GTI tana ƙara wajen shiga giya ta biyu: wane man giya ya dace?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum masana. Golf 3 GTI ce, injin 2.0 mai bawul takwas, giyar hannu. Da sanyin safiya lamba biyu ba ta shiga sai da ƙarfi, in kuma aka sauko da sauri daga uku zuwa biyu sai ta yi ƙara. An zuba mata man giya 85W-140 wai don zafin ƙasarmu. Man ne, ko giyabos ɗin ne ya gaji?

Bakanike Haɗeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan man bai dace da ita ba ko kaɗan. A cikin giyabos akwai zobban tagulla da ake kira sinkiro. Aikinsu su kama giyar su daidaita gudunta kafin haƙora su haɗu. Sai zoben ya ture man da ke tsakani kafin ya kama. Mai kauri irin 140, musamman da asubar hunturu, ba ya turuwa da wuri, shi ya sa hannunka ke riga zoben, haƙora su gogu.

Sannan ka duba harafin GL da ke jikin gorar, wanda ke nuna ajin man. Yawancin 85W-140 GL-5 ne, na aksil ɗin baya da manyan motoci aka yi shi. Sinadarin hana gogewa da ke cikinsa ya yi yawa, yana sa zoben santsi, wasu ma suna cin tagullar in mai ya yi zafi. Abin da kake nema 75W-90 GL-4 ne, sintetik. Lambar 75W ita ce sauƙinsa a sanyi, 90 kuma ta isa zafin Afrilu. Lita biyu za ka saya.

Malam na Wudil:
Gaskiya ne, amma kafin a kashe kuɗi a gwada kuloci. Mota a tsaye, inji na aiki, taka kuloci har ƙasa, ƙirga uku, ka sa ribas. Ribas ɗin wannan giyabos ba shi da sinkiro, don haka in ya yi ƙara, kulocin ne ba ya saki gaba ɗaya, kuma ba man da zai gyara hakan. A duba wayar kuloci. A kuma duba bushin ɗin sandunan giya. In robobin sun cinye, sanda na lilo, giya ba ta kaiwa gurbinta.

Bakanike Haɗeja:
Madalla, Malam. In kuloci lafiya, ga yadda ake canjin. A zaga da motar kamar minti goma man ya sake, a tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri. A fara kwance notin zubawa na gefe, da alanki (makullin noti mai kusurwa shida) mai lamba 17, kafin na ƙasa. Wanda ya fara tsiyaye mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, motarsa ta kwana a gareji.

A tari tsohon man a kwano mai tsabta a duba shi a rana. Ƙyalli kamar garin zinare na nufin zobban sun ci sosai. Sabon mai zai rage ƙarar, amma sai an sauke giyabos an canza zoben lamba biyu. In tsohon man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa ga motocin da ke tsallaka kwari da damina. A mayar da notin ƙasa, a zuba sabo da tiyo da mazurari har ya fara ɗigowa daga ramin gefe. Kada a bar shi ƙasa da haka: lamba biyar tana can ƙarshe, ita ke fara ƙonewa in mai ya yi kaɗan. Kuma don Allah a sayi gora mai hatimi, ba na awo a jarka ba.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Oga. Ke nan GL-4 ga kowace mota mai gudu?

Malam na Wudil:
A'a. Subaru mai giyar hannu GL-5 75W-90 take so, domin giyabos da aksil ɗin gaba mai ɗaya suke sha. Honda tana da nata man giyar hannu marar kauri, MTF. Wasu BMW E36 kuwa ATF, wato man giyar atomatik, ake zuba musu duk da giyar hannu ce. A BMW ɗin, takardar da aka manna a jikin giyabos ɗin ce za ta gaya maka.