"Alheri danƙo ne": ya dace a rubuta wa amarya a cikin Littafi Mai Tsarki?

Baban Rahila: Salama gare ku. Wata 'yar gardama ce ta taso tsakanina da uwargida, na ce bari in kawo ta gaban masu Hausa. 'Yarmu ta fari za ta yi aure bayan Kirsimeti. Kayan ɗaki ana ta haɗawa, uwarta ta yi zaryar Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari har ƙafa ta kumbura. Ni nawa guda ɗaya ne: Littafi Mai Tsarki na mahaifina, wanda ya taho da shi daga ƙauye da ya zo Kano neman aiki. Bangon ya mutu, da tsumman atamfa ake ɗaure shi. A shafin farko akwai sunayenmu mu bakwai da ranar haihuwar kowa, da rubutun hannunsa, biyu ya sa musu ɗan gicciye a gefe, waɗanda suka rasu suna ƙanana. Ina so in ƙara sunan Rahila da na mijinta, a ƙasa in rubuta: "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza." Uwargida ta ce sam, wai karin maganar 'yan kasuwa ce, ta mai bayarwa yana leƙen riba. Me kuka gani?

Ɗan Birged: Baba, ni ina bayan Mama. Danƙo ai roba ce, in ka buga ta da ƙasa sai ta yi tsalle ta dawo hannunka. Ka ga kenan ka yi don a yi maka.

Tsohon Malami: Ɗana, robar ta zo ta tarar da kalmar ne. Kafin a san roba a ƙasar Hausa akwai danƙo, wato abin nan mai yauƙi da kama hannu da ke fita daga jikin itace, kamar na kaɗanya. Da shi yaran ƙauye ke kama tsuntsu. Ka jefar da curinsa ƙasa ka ɗauko, za ka ga ya kwaso yashi, ya kwaso ɗan kara, wani lokacin har ƙwayar gero. Abin da magabata suka gani kenan. Ku duba maganar da kyau: cewa aka yi ba ya faɗuwa banza. Ba a ce hannun da ya jefa shi ne zai ɗauka ba. Wani ne zai iya tsintarsa, shekara talatin bayan mai jifan ya kwanta dama.

Maman Bulus: Malam, na yarda da fassararka, amma karin magana ba a ƙamus take rayuwa ba, a bakin mutane take. Yaushe ake faɗinta? Sai an ji wane ya taimaki wane, ga shi yau an rama masa. Ban taɓa jin an faɗe ta a kan wanda ya yi alheri ya mutu ba tare da an ce masa ko na gode ba. Mu kuwa a Luka sura 14 an ce in za ka yi biki ka kira waɗanda ba su da abin rama maka. To ina danƙo a nan? Baban Rahila, ka rubuta mata aya kawai, a huta.

Na Fagge: Ni Musulmi ne, ku yi haƙuri in sa baki, don maganar Hausa ta kowa ce. Mama, ni kam na sha jin ana faɗinta a kan matacce. Mahaifina yana da rumfa a kasuwar Kurmi, akwai wani yaro da yake ba wa kaya bashi ba tare da rubutu ba. Baba ya rasu, mun manta da zancen. Ranar da ƙanena ya je neman gurbin koyon aiki, mai wurin ya ji sunan gidanmu ya miƙe tsaye. Yaron nan ne. Abin da tsohuwarmu ta ce da aka ba ta labari kenan, alheri danƙo ne. Baba bai ci ko sisi a ciki ba. A wajenmu ma an ce mutum in ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Kawun Yara: Duk kun tafi sama kun bar ƙasa. Yaya, littafi ba ya biyan kuɗin haya. A Littafi Mai Tsarki, ayar Misalai 13:22 ma cewa ta yi mutumin kirki yakan bar wa jikokinsa gādo. In da hali ka saya mata ko rabin fuloti ne a bayan gari. Kada dai ka ba ta tsabar kuɗi. Waɗanda suka ɓoye wa 'ya'yansu naira a ƙarƙashin katifa sun ga yadda aka yi a farkon 2023 da aka sauya takardun kuɗi, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayu, abin da ke sayen buhu ya koma sayen 'yan kwanuka.

Maman Bulus: Kawu, fuloti ma ana cinye shi a kotu. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an karanta masa Matiyu 6:19 ba, inda aka yi zancen asu da tsatsa da ɓarayi. Ni abin da uwata ta ba ni ranar aure keken ɗinki ne Butterfly, na ƙafa. Amma ba keken ne kyautar ba, shekara uku da ta zaunar da ni a gefenta ina farke ɗinkin da na karkata, ina kuka tana cewa sake. Keken an canza masa kusan komai. Da shi na biya wa yara huɗu makaranta, har yau ni ke ɗinka wa Zumuntar Mata ta cocinmu anko.

Tsohon Malami: To Mama, kin kawo wa kanki hujjar da za ta kayar da ke. Uwarki ta sa anko ɗaya daga cikin waɗanda kike ɗinkawa yanzu?

Maman Bulus: Ta rasu tun Bulus yana goye. Malam, ka iya kama mutum da bakinsa. Amma ban janye ba, aya ta fi.

Ɗan Birged: Ni dai a ba ni waya sabuwa, na yafe danƙon.

Baban Rahila: Ɗana, wayar da na saya wa ƙanen Rahila bara ko Ista ba ta kai ba. Na gode muku duka. Kawu, fuloti ba ni da halinsa, ba zan ɓoye ba. Bari in faɗi abin da ya sa na nace. Muna yara a ɗaki ɗaya muke kwana a Sabon Gari. Da asuba, lokacin hunturu, ana kiran salla daga nesa, Baba zai kunna fitilar ƙwai ya buɗe shafin nan na farko, ya ɗora yatsa a kan kowane suna yana addu'a ƙasa-ƙasa. Ni ina cikin bargo ina yi kamar barci nake, ina jiran a zo kaina, ni ne na huɗu. In ya zo kan masu gicciyen sai ya ɗan yi shiru ya wuce. Gefen sunayen har ya yi baƙi saboda yatsan nan. A lokacin haushi nake ji, fitila ta hana ni barci. Bai taɓa ce mini in yi haka ba, ni ma ban taɓa yanke shawarar zan yi ba, sai da aka haifi Rahila na tsinci kaina ina yi. Malam, in ya dace da abin da ka ce, to yashin da danƙonsa ya kwaso kenan.

Maman Rahila: Ashe nan aka kawo ƙarata. Sannunku. Baban Rahila, ai ba ka faɗa musu rabin maganata ba. Na ce ta 'yan kasuwa ce, ban musa ba, kuma Maman Bulus ta fi ni iya faɗa. Amma abin da na fi ji shi ne wurin da ya rage a shafin bai fi faɗin yatsa huɗu ba, rubutunka kuwa kamar na allon talla. In ka cika shi da karin magana, ina za ta sa sunayen jikokinka? Ka rubuta ta a bangon baya in ka ga dama. Kuma don Allah wanda ya san mai ɗinka bangon littafi da ba zai datse gefen takarda ba ya gaya mana, don baƙin yatsan nan a bakin gefe yake.