Tauraro na aiki a Ubuntu, a MySQL kuma shiru: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Daura nake, ina haɗa wa wata ƙungiyar manoma manhajar ajiye takardun membobinta. Takardun da aka yi wa sikanin suna folda ɗaya a kwamfuta mai Ubuntu, sunayensu kuma na zuba su a teburin MySQL, wato manhajar rumbun adana bayanai. Tsarin sunan shi ne gari, shekara, lamba: daura_2023_001.pdf, zango_2023_014.pdf, haka na Baure da Sandamu.

Ga abin da ya ɗaure min kai. In na rubuta ls daura_2023* (ls shi ne umarnin jero fayilolin folda) fayiloli na fitowa. In na kai tauraron nan MySQL, wato LIKE 'daura_2023*', ko layi ɗaya ba ya dawowa. Aka ce in sa % a madadinsa, na sa, sai ga su har da masu daura-2023 da Daura_2023, adadin ya zarce wanda ls ya ba ni. Da wannan lissafi za a raba taki, ba na son a ci haƙƙin kowa. Wanne zan kama?

Wani injiniya daga Katsina:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa da yarensa. A bash, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake rubutawa a Ubuntu, * na nufin kowane jerin haruffa, ? kuma harafi ɗaya tak. A LIKE na SQL, yaren da MySQL ke ji, % ce ke aikin tauraro, layin ƙasa _ kuma shi ke aikin alamar tambaya. Da ka ba MySQL tauraro, suna mai tauraron gaske a ƙarshensa ya je nema, bai samu ba.

Matsalarka ta biyu daga layin ƙasan nan take. Kai kana ganinsa wani ɓangare na sunan fayil, MySQL kuwa yana karanta shi da "duk harafin da ya zo nan, na karɓa". Shi ya sa daura-2023 ya shigo. Rubuta haka: LIKE 'daura!_2023%' ESCAPE '!'. Alamar motsin rai tana gaya masa layin da ke biye da ita layi ne na gaske. MySQL na karɓar \_ ba tare da ESCAPE ba, amma ni na fi son ta farkon, don tana aiki har a PostgreSQL da SQLite. Batun babban D kuwa, Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, MySQL a saitinsa na asali ba ya yi wajen kwatanta rubutu.

Wata malamar kwamfuta:
Injiniya ya gama magana kan SQL. Ni abin da nake jiye maka yana ɓangaren bash. Ba ls ke fassara tauraro ba, bash ne ke fara buɗe shi ya mayar da shi jerin sunaye, sannan ya miƙa wa umarnin. Saboda haka in za ka yi amfani da find, umarnin neman fayil, sa tsarin cikin alamar zance: find . -name 'daura_2023*'. In ka bar shi tsirara kuma akwai fayil guda da ya dace a foldar da kake tsaye, sunan nan kaɗai find zai bi nema, sauran na cikin ƙananan foldoji su tsere maka ba tare da wani gargaɗi ba. A bash, tauraro ba ya tsallaka / kuma ba ya ɗauko fayil mai farawa da ɗigo. Don Allah, ɗana, kafin ka haɗa rm (umarnin goge fayil) da tauraro, fara sa echo (mai nuna rubutu kawai) a wurin rm ka ga abin da zai fito. Tazara ɗaya tsakanin daura da * ta isa ta kwashe duk takardun foldar, kuma rm ba shi da kwandon shara.

Wani ɗan'uwa daga Funtuwa:
Wataƙila Microsoft Access ka fara koya, can tauraro na aiki a LIKE. Ƙarin bayani kaɗan: in manhajar za ta koma waya da SQLite, LIKE ɗinta haruffan Turanci kaɗai take daidaita babba da ƙarami, don haka 'ƙ%' ba zai kawo Ƙanƙara ba. Mai'adua kuma sai ka ninka alamar a SQL, 'mai''adua%'.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na sa ESCAPE, masu daura- sun fita. Amma da na buɗe su, takardun membobinmu ne na gaske, mai sikanin ne ya sa musu karan tsakiya maimakon layin ƙasa. Ashe ls ne ya bar mutane a waje. Malama, yaya zan gyara sunayen?

Malamar:
Ka fara kwafe foldar gaba ɗaya a filashi. Sannan ka mayar da sunayen ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa, a folda da teburi duka, ka sake ƙirgawa. Kada ka miƙa wa shugaban ƙungiya lissafi sai adadin biyu sun zo daidai.