Ina zan kai kurun yarona?

Abu Sadiƙu, Gadarif, Sudan:
Assalamu alaikum. Muna da kuru, wato ƙaramin doki, goɗiya, shekararta kamar 12, ba ta cizo ba ta harbi. Yaron ya girma, in ya hau ƙafarsa har ta kusa jan ƙasa. Dillali ya taya, wani ɗan'uwa kuma a Mai Wurno yana son ta saboda 'ya'yansa. Wanne ya fi, me kuma zan duba?

Malam Na-Barga:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka ba dillali. Kuru mai sanyin hali in ta shiga kasuwa, ƙarshenta a ɗaura mata karo, wato keken doki, ta ja gangar ruwa, ƙirji ya salluɓe. A shekara 12 da sauranta, kuru na kai 25 har 30.

Ka ba ɗan'uwan aro na wata ɗaya tukuna. A rubuta gaban shaidu biyu: ba karo, ba sayarwa sai da saninka, in sun gaza su dawo da ita. Ka je da kanka ka ga turken: akwai inuwa? Ƙasan ta bushe ko taɓo ce? Tsayuwa cikin jiƙa ke ruɓar da tsakiyar kofato har ya yi wari. Ka tambayi nauyin yaran kuma. Mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, wato kilo 50 in ita 250 ce.

Hajiya Ummu Hafsa, likitar dabbobi:
Abinci ne ke kayar da dawaki a sabon gida, ɗan'uwa. Ka haɗa ta da harawar da ta saba, ta kwana 10, a riƙa cuɗa sabon abincin kaɗan-kaɗan. Sauyi farat ɗaya na kawo ciwon ciki: tana tonon ƙasa, tana waiwayen ciki, tana birgima. Busasshiyar ciyawa kilo 4 zuwa 5 a yini ta ishi mai kilo 250. Dawa da ɗanyen barsim (ciyawar da ake nomawa don dabbobi) a taƙaita, don kuru na saurin ƙiba, daga nan sai kumburin kofato: kofaton ya yi zafi, ta miƙa ƙafafun gaba tana jin tsoron taku. Abincin kaji kuwa ko loma ɗaya kada ta ci, wani na ɗauke da maganin monensin, yana lalata zuciyar doki.

Mai Wurno bakin kogi ne. Da damina ƙananan ƙwarin magariba na yaɗa annobar dawaki, sai a yi mata rigakafi kafin ruwa ya sauka, a shigar da ita rumfa tun kafin rana ta faɗi.

Malam Na-Barga:
Gaskiyar Hajiya. A ƙara da wannan: a ware ta daga jakuna da dawakin gidan na sati 2, bokitinta daban. Ragamarta da linzaminta su tafi tare da ita, baƙon linzami na yanka baki. Kofato a datse duk sati 6 zuwa 8.