Wai siriyal mai furotin dusa ce a kwali?

Baban Nu'aym: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke raina ko na samu barci. Na shiga kanti na ga an liƙa jan tambari wai garabasa, sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta, irin siriyal ɗin nan da ake rubuta furotin da manyan baƙi a gaban kwali, giram 12 a kwano ɗaya. Na kwaso ina murna na yi wa yara abin kirki. Ina zuwa gida madam ta juya kwalin baya, ta ɗauko tsohon namu na gama-gari ta jera su. Ashe giram 12 ɗin nan har da madarar da KAI za ka zuba suka lissafa, an rubuta da ɗan mitsitsin rubutu a ƙasa. Sannan awon kwano ɗaya a tsohon giram 30 ne, a sabon giram 45, ka ga dole lamba ta kumbura. Kwalin ma tsayinsu ɗaya amma sabon ya fi sauƙi a hannu, rabi iska. Ga suga giram 12 a kowane kwano. Ni dai na gama magana, duk wani siriyal mai furotin dusa ce aka barbaɗa wa suga aka tsawwala kuɗi. Wanda ya ƙi ya fito.

Maman Ilham: Dusa?? Baban Nu'aym a gyara harshe dan Allah. Yarana kullum shi suke sha kafin makaranta, kana nufin dabbobi nake kiwo kenan?

Baban Nu'aym: Ni ban ambaci yaran kowa ba Hajiya, ai nawa ma sun sha

Maman Ilham: Toh kai ka san me kake kiwo a gidanka, kar ka haɗa da mu

Alhaji Mai Kaji: Ni abin da ya ɓata min rai raina dusa da aka yi. Kun san yadda dusa take wahalar samu kuwa? Da a ce dusa ce a kwalin nan wlh da ya fi amfani. Dusar alkama furotin ɗinta ya kai giram 15 a cikin 100, ya fi na garin da aka tankaɗe fes. Mu da muke haɗa abincin kaji mun sani. Ku nemi afuwar dusa.

Ummi_Z: 😂😂 Alhaji ya shigo kare haƙƙin dusa

Sadiq Ƙarfe: Yaya wane iri ka saya ma tukuna? Dan ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ni wanda nake sha bayan na dawo daga jim wata uku kenan kowa se tambaya yake me nake ci, kafaɗa ta buɗe, riga ta matse

Baban Nu'aym: Ba zan faɗi suna ba, duk kanwar ja ce. Kuma kai ƙanina kullum kana ɗora hoton ƙwai dafaffe cike da faranti, se yanzu ne siriyal ze karɓi lada?

Sadiq Ƙarfe: Haɗuwa ce take aiki, ba za ka gane ba tunda ba ka taɓa ɗaga ko bokiti ba

Anti Rabi Nas: Ku tsaya a yi lissafi kafin a cinye juna. Ku daina kallon awon kwano, ku duba layin da aka rubuta a kowane giram 100, shi kaɗai ne ba a iya wasa da shi. Siriyal ɗin masara na gama-gari yana da kamar giram 7 na furotin a cikin 100, wato in ka zuba giram 30 ka samu giram 2 kacal. Na Baban Nu'aym in ka cire na madara, rabin kofi kamar giram 4 ne, saura 8 a cikin giram 45, ya kama kusan 18 a cikin 100. Kenan an ƙara da gaske, ya ninka na gama-gari fiye da sau biyu, ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Yawanci daga waken suya ake tatso shi ko danƙon alkama ko ruwan madarar da ke fita wajen yin cuku. Amma ots zalla wanda ba a yi masa komai ba yana da wajen 12 zuwa 13 a cikin 100 kuma babu suga sai wanda ka zuba da hannunka, ƙwai ɗaya giram 6, cikakken kofin madara giram 8. Ka ga siriyal na gama-gari da kofin madara da ƙwai ɗaya ya wuce 12 ɗin da ake ta kwakwazo a kai. Babba mai lafiya buƙatarsa kamar giram 0.8 ne a kowane kilo na nauyinsa a yini, mai kilo 70 giram 56 kenan. Ni abin da ya fi damuna sugan ne, giram 4 shi ne ƙaramin cokali ɗaya, 12 cokali uku tun da sassafe, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce in so samu ne kar sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 25 a yini duka.

Ummi_Z: Anti ya yi tsawo wlh, a taƙaice dusa ce ko ba dusa ba ce?

Maman Ilham: Kun ji ko, Anti ta ce ba ƙarya ba ne. Ma'aikaciyar lafiya ta yi magana, se a janye kalmar dusa

Baban Nu'aym: Ta kuma ce cokali uku na suga, nan ne idonki be kai ba?

Alhaji Mai Kaji: Har yanzu ba wanda ya ba dusa haƙuri. Akwai siriyal ma da dusar alkama ce zalla ake sayarwa da sunanta a kwali, masu kuɗi na rububi saboda tana gyara ciki. Ni da nake zuba wa kaji ana min kallon ƙauye

Malam Habu: Maganar Alhaji tana kan hanya. Asalin abin nan ma abincin marasa lafiya ne. Wani likita John Harvey Kellogg ne da ƙaninsa Will suka fara irin mai falle-fallen nan a gidan jinya a Battle Creek ta jihar Michigan a Amurka wajen 1894, ba suga ba komai. Ƙanin ne ya buɗe kamfani a 1906, kuma zuba suga yana cikin abin da ya raba su. Sannan abin da Baban Nu'aym ya gani ba sabo ba ne, a 2015 wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka ta kai kamfanin General Mills kotu a kan siriyal ɗinsu mai suna Cheerios Protein, ta ce awonsa ya kusa ninka na asalin shi ya sa furotin ya yi kamar yana da yawa, suga kuma giram 16 zuwa 17 inda na asalin yake da giram 1. A 2018 aka sasanta suka yarda su gyara rubutun kwali.

Sadiq Ƙarfe: Malam kullum se ka kai mu Amurka. Waye ya tambayi tarihi? Ni jikina ne hujja

Malam Habu: Jikinka be zo da takarda ba Sadiq

Maman Ilham: Kuma Malam ai kai ba ruwanka da wannan, wanda ba ya tashi ya shirya yara huɗu kafin bakwai be san darajar abin da za a zuba a kwano cikin minti biyu ba

Alhaji Mai Kaji: Iyayenmu goma suka shirya ba kwali ba leda. Matan yanzu dai son jiki ne kawai

Ummi_Z: Yauwa an zo wajen. Alhaji yaushe rabonka da ka kunna risho? Mace ta tashi asuba ta yi wanka ta yi wa yara ta goge yunifom ta tafi aiki ita ma, sannan namiji yana kwance yana danna waya yana cewa son jiki, wlh maza ku ji tsoron Allah

Alhaji Mai Kaji: Ƴata ni asuba a gidan gona take min, kaji ba sa jiran waya

Ummi_Z: Kaji kake shiryawa ba yara ba, shi ya sa komai dusa a wajenka

Baban Nu'aym: Jama'a ni fa maganar garabasa nake. Na raba kuɗin da nauyi, ko da kwali ɗayan na kyauta, giram 100 ɗinsa ya fi na tsohon tsada, kuma saura sati biyar ranar da aka buga a kai ta cika. Araha ba ta ado, wannan kuma ko arahar ma babu

Anti Rabi Nas: Ranar da ake bugawa a busasshen kaya irin wannan ta inganci ce, in kwalin a rufe yake ba danshi ba ya zama guba washegari, ƙurumƙurum ɗin ne ze ragu. Raba kuɗi da nauyi da ka yi shi ne daidai, da a kantin ka yi

Maman Ilham: Tunda ka iya raba kuɗi haka Baban Nu'aym, ragowar kuɗin kayan da madam ta ɗauka a wajena tun bara fa? Ko shi ma dusa ne?

Ummi_Z: Innalillahi 🙆🏽‍♀️ a kawo min kujera

Baban Nu'aym: Hajiya wannan ba muhallinsa ba ne, kuma kin san an turo miki rabi. Dama na san inda zafin yake, ai siriyal ɗin kike sayarwa a sitatus, shi ya sa kalma ɗaya ta hana ki sakat

Maman Ilham: Eh ina sayarwa, sana'a ce ba bara ba. Rabi kuma ba duka ba ne

Sadiq Ƙarfe: Anti Maman Ilham mai cakulan ɗin nan ya dawo?

Malam Habu: Ga mai hujjar jiki can yana neman mai cakulan

Alhaji Mai Kaji: Ni na fita, duk wanda ke son ƙwai ya san inda nake. Giram 6 kowane ɗaya, Anti ce ta faɗa ba ni ba, kuma ba a lissafa da madara ba

Yaya Kabiru (Admin): Toh ya isa haka, saƙo ya yi yawa mutane na aiki. Ga abin da aka tsayar ga waɗanda ba su bi ba. Baban Nu'aym ya sayi kaya be karanta bayan kwali ba, ya zo yana huce haushinsa a kan mutane, ya kira abincin yara dusa wanda gsky be dace da babba kamarsa ba. Anti Rabi wadda ita ce masaniya a cikinmu ta tabbatar siriyal mai furotin ya ninka na gama-gari fiye da sau biyu, Sadiq kuma ya ba da shaida da jikinsa. Maganar suga kowa ya san komai in ya yi yawa matsala ne, ba se an tsaya a kai ba. Labarin kotu da Malam ya kawo na Amurka ne kuma wani kamfani ne daban. Alhaji ya yi kuskure a kan mata, Ummi ma ta ɗan zafafa amma an tsokane ta ne. Batun bashi a sasanta ta bayan fage, amma a riƙa biyan mutane haƙƙinsu. Daga yau an hana amfani da kalmar dusa a nan. Masu son siriyal ɗin kuma su tuntuɓi Maman Ilham kai tsaye, ta ce saura katan biyu.

Baban Nu'aym: Admin ka manta ka rubuta cewa yayar matarka ce

Yaya Kabiru (Admin): Na rufe sharhi se gobe.