Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: har da wanda aka kora?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Jiya Kawu ya yi wa ƙanena mai karatu a Finlan faɗa a waya don bai zo sallah ba, ya rufe da "kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Yaron ya ce, to Kawu, Eeva Kilpi fa? Sha'ira ce ta can, haifaffiyar Hiitola a yankin Kareliya, 1928. Tana shekara 11 yaƙin hunturu ya ɓarke tsakanin Finlan da Tarayyar Sobiyet, a 1940 aka yanke yankin aka ba Sobiyet, mutum wajen 400,000 suka tashi. Garinsu yau a Rasha yake, amma har tsufa Kareliya ba ta fita daga alƙalaminta ba. Ita ma gida ya bar ta?

Malam Bakano: Karin maganar ba da korarre take ba. Mai yanke zumunci da gangan ake nufi.

Bahaushen Helsinki: Allah gafarta Malam, ni ina ganin ya bar ta. A 1941 Finlan ta ƙwato yankin, da yawa suka koma suka gyara gidajensu, 1944 aka sake tashinsu. Littafinta kan yaƙin hunturun sai 1989 ya fito, ya ci kyautar adabi ta Runeberg a 1990. Da gidan na nan, me zai sa ta neme shi a takarda bayan shekara 50?

'Yar Yawuri: Kun tuna mini da Iya, Allah ya jiƙanta. Ruwan Kainji ya cinye ƙauyensu, aka ba su ginin siminti. Ta ƙi kwana a ciki, wai zafi, sai da aka yi mata bukka a tsakar gida. Turminta na can ta ɗauko a ka, ya tsage aka ɗaure da waya, ba ta yarda an sake shi ba. In ruwa ya ja sai ta sa a kai ta a kwalekwale, ta nuna da sanda ta ce nan tsamiya take, nan aka binne cibiyar babanku. Mu ruwa kawai muke gani.

Maman Hafsat: Allah sarki Iya. Allah ya kai haske kabarinta.

Na Kasuwa: Wakilinmu ba yaƙi ba ambaliya, tun ranar rantsuwa ya bar gida. Sai zaɓe ya matso ka ga taliya da atamfa.

Malam Bakano: To ka ga wanda karin maganar ta hau.

Maman Hafsat: Ina fa, Malam! Taliyar na zuwa gidan ke karɓar sa da guɗa.

Na Kasuwa: 'Yar Yawuri, wane ƙauye ne naku? Innata mutuniyar Ngaski ce.